Kafin A Tuhumi Kwamfuta

Tun daga shekarar 1990, sa'ad da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a birnin Kano, jama'a kuma suka gane ashe labarin Bahaushe yana iya shiga kaset ya tafi kasuwa a saye shi kamar yadda ake sayen littafi, sana'ar haɗa fim ta sake kamanni sau da dama, har ta kawo mu wannan zamani da yaro mai laftof da wayar hannu yake iya yin abin da a dā sai an tara na'urori cike da ɗaki. Wannan ni'ima ce, babu mai musu. Amma jarrabawar da ta biyo ta ita ce, mutane da yawa sun iya sarrafa manhajar editin ba tare da sun san abin da ke gudana a cikinta ba, ta yadda in aiki ya cije, ko murya ta rabu da baki, ko rendarin, watau fitar da fim, ya yi nisa sa'an nan ya mutu, ba su da wata fatawa illa guda ɗaya, watau kwamfuta ta lalace, a kai ta kasuwa a yi mata fomatin. Wannan kuwa daidai yake da mutum ya rushe ɗakinsa don kunama ta shiga, alhali kuwa la'alla tana nan cikin takalmin da ya fita da shi a hannu.

Ra'ayina, wanda nake so in kafa masa hujja a nan, shi ne mafi yawan abin da muke kira lalacewar na'ura yana da sababi sananne wanda ake iya ganowa da haƙuri da tsari, kuma kaso mai yawa na waɗannan sabubba an haife su ne tun a lokeshan, kafin edita ya zauna a kujerarsa. Malaman usulu sun koyar da cewa hukunci yana bin illarsa, in ta samu ya samu, in ta gushe ya gushe; wanda duk ya zauna gaban Adobe Premiere Pro ko DaVinci Resolve ko Final Cut Pro da wannan ƙa'ida a zuciyarsa, haƙiƙa ya riga ya fi takwaransa mai sabuwar kwamfuta wanda bai san abin da yake nema ba.

Abu na farko da ya wajaba ga edita idan matsala ta taso shi ne ya taƙaita da'irar tuhuma kafin ya taɓa komai. Ya tambayi kansa, shin wannan aibi a fayil guda yake, ko a aikin nan duka, ko kuwa a kowane aiki da ya buɗe? In ya buɗe sabon aiki, ya jefa wani hoto dabam a ciki, ya ga komai na tafiya lami lafiya, to, kwamfuta ta kuɓuta, manhaja ma ta kuɓuta, tuhuma ta koma kan aikin da ke hannunsa. In kuwa rendarin ne yake mutuwa, ya lura ko a wuri ɗaya yake mutuwa kullum, domin wanda ke tsayawa a minti ɗaya ko da yaushe yana nuna akwai gurɓataccen fayil ko wani ado mai nauyi a daidai wurin, wanda kuwa ke tsayawa yau nan gobe can ya fi kama da zafin na'ura, ko cikar had-dis, ko ƙarancin memori. In manhajar ba ta faɗi wurin ba, sai ya raba fim ɗin gida biyu ya fitar da kowane rabi shi kaɗai, rabin da ya ƙi fita ya sake raba shi, haka haka. Kuma duk mai lissafi ya san fim na sa'a guda, in aka raba shi sau goma ta wannan hanya, abin da zai rage bai kai daƙiƙa huɗu ba. Sharaɗin wannan duka shi ne kada a canja abu biyu a lokaci ɗaya, don kuwa wanda ya share rumbun wucin gadi na manhaja, ya kashe aikin katin hoto, ya kuma sake ɗora manhajar, duk a zama guda, ko da ciwon ya warke bai san maganin da ya yi aiki ba, gobe in ya dawo zai sake farawa daga jahilci.

Babu mas'alar da ta fi ɓata wa masu kallo rai, ta kuma fi zubar da mutuncin edita, kamar saɓani tsakanin murya da motsin baki, saboda haka bari in daɗe a kanta. Wannan cuta iri uku ce, kuma wanda bai bambance su ba zai kwana yana jan sauti gaba da baya a banza. Iri na farko shi ne tazarar da ba ta canjawa, watau murya ta riga baki da rabin daƙiƙa a farkon fim, a ƙarshensa ma rabin daƙiƙar ce. Wannan mai sauƙi ne, a ja sautin a daidaita shi sau ɗaya, shi ke nan. Da ma an buga allon tafi a gaban kyamara a farkon kowane ɗauka, ko kuwa wani ya tafa hannunsa sau ɗaya in babu allon, da ba a ma sha wannan wahala ba, domin tafin yana barin alama tsayayya a zanen sauti wadda ido ke gani nan take.

Iri na biyu shi ne tazarar da ke ƙaruwa sannu a hankali bisa ƙa'ida, farkon sin daidai, bayan minti goma ta ɗan goce, bayan sa'a guda kuwa ta zama abin kunya. Wannan lissafi ne ya saɓa. Hoton bidiyo ba kome ba ne illa hotuna tsayayyu da ake jerawa da sauri, sinima tana jera 24 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu da na Ingila 25, na Amurka kuwa 29.97, wanda mutane kan taƙaita su ce 30 alhali ba ɗaya ba ne. Bambancin da ke tsakanin 30 da 29.97 ɗaya ne cikin dubu, abin da mutum zai raina, amma a sa'a guda yana tara daƙiƙa uku da rabi da 'yan kai, tazarar da ko yaro zai gane. In kuwa aka ɗauki hoto a kan 24 aka tilasta masa tafiya a kan 25, sautin da aka naɗa dabam kuma aka bar shi yadda yake, to, a sa'a guda hoton zai riga sauti ƙarewa da minti biyu da daƙiƙa 24. Haka nan sauti yana da nasa ma'auni: na bidiyo 48,000 ne a daƙiƙa, na faifan CD kuwa 44,100, kuma ko da yake manhajojin yanzu sukan daidaita su da kansu, idan aka yi rashin sa'a manhaja ta karanta na 44,100 a matsayin na 48,000, sai ka ji muryar dattijo ta sirance tana gudu. Maganin wannan iri shi ne a duba bayanin kowane fayil tun kafin a fara yanka, a ga adadin da aka ɗauke shi a kai, sa'an nan a kafa aikin a kan adadi guda.

Iri na uku shi ne ya fi yawa a yau, shi ne kuma ya fi ruɗarwa, domin tazararsa ba ta da ƙa'ida, nan ta yi gaba, can ta yi baya. Asalinsa wayar hannu ce, da kuma manhajojin da ke naɗar fuskar kwamfuta. Waya ba ta riƙe adadi guda. In haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta rage yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, in hali ya gyaru ta ƙara, tana yin haka don tattalin batir da wuri, kuma a kallo cikin wayar ba a ganin aibin kome. Sai an kai hoton teburin editin, inda ake zaton kowace daƙiƙa tana da rabonta daidai, sa'an nan asiri ya tonu. Jan sauti ba ya maganin wannan faufau. Abin yi shi ne a bi da fayil ɗin ta cikin HandBrake ko Shutter Encoder, waɗanda duka kyauta ake samunsu, a umarce su su mayar da shi tsayayyen adadi, kāna a shigo da sabon a yi aiki da shi. Duk editan da ke karɓar hoton biki ko na wa'azi ko na talla da aka ɗauka da waya, ya kamata wannan ya zama farillarsa ta farko kafin ya yanka ko da daƙiƙa ɗaya.

Tun da an ambaci 25, ya kyautu in yi wata 'yar ratse. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma fitilu da yawa suna ƙyaftawa bisa wannan kaɗawa ko da ido bai gani ba. Kyamarori da wayoyi kuwa sau da yawa sukan zo a saite a kan 30 ko 60. Wanda ya ɗauki sin a ƙarƙashin irin waɗannan fitilu da wannan saiti, sai ya ga hoton yana rawa, ko wasu baƙaƙen layuka suna hawa suna sauka, ya kawo wa edita ya ce a cire. Ana iya ragewa, amma da wuya a cire sarai, alhali kuwa da mai kyamara ya sa 25, ya kuma sa saurin shata a kan ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100, da matsalar ba ta taso ba. Janareto marar daidaito yakan ƙara dagula lissafin, saboda haka a gwada a duba kafin jarumai su fara magana.

Sai kuma kukan da aka fi yi, cewa hoto yana sarƙewa a lokacin aiki, ana danna shi yana tsalle. Galibi a nan ne ake yanke wa kwamfuta hukuncin tsufa, mai gida ya shiga neman bashin sayen sabuwa. Hakikanin al'amari kuwa shi ne, mafi yawan kyamarori da wayoyi suna ajiye hoto da tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, ko H.265 na 2013, waɗanda aka ƙirƙira don su ƙanƙanta fayil a aika shi cikin sauƙi. Hikimarsu ita ce ba sa ajiye kowane hoto cikakke, sai su ajiye ɗaya cikakke, waɗanda ke biye kuwa a rubuta bambancinsu da shi kawai. Don haka duk sa'ad da edita ya tsaya a wani wuri, tilas na'ura ta koma baya ta sake gina hoton daga maƙwabtansa, in ya yi ta kai da kawowa kuwa sai ta gaji. Tsarin ProRes na kamfanin Apple da DNxHD na Avid suna ajiye kowane hoto da kansa, shi ya sa suke da sauƙin sarrafawa, ko da yake suna cin wuri, har minti ɗaya ya tasam ma gigabayit guda. Hanya madaidaiciya ita ce furoksi, watau a sa manhaja ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi a yi yanka da su, in an zo fitarwa ta koma kan na asali da kanta. Premiere da Resolve duk suna da wannan, kuma daren da aka bar na'ura tana yin furoksi ya fi mako guda na fama da tsalle. Ina kuma ganin yawancin masu dagewa sai sun ɗauka da 4K, wanda ya ninka 1080 sau huɗu a yawan ɗigo, alfahari ne ya fi rinjaye a lamarinsu, tun da mafi yawan masu kallonsu a waya za su gani, su kuma rage ingancin da hannunsu don tsoron ƙarewar data.

Kada kuma a manta da yanayin ƙasarmu. Na'ura in ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma ɗakin da ba iska a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka tun watannin baya, ya isa ya mayar da kwamfuta mai ƙarfi kamar ta shekara goma. A buɗe ta a hure ƙurar, a ɗaga laftof daga kan katifa, a bar wa had-dis sarari kada a cika shi maƙil.

Game da jan allon nan da ke sanar da cewa an rasa fayil, wanda ke tsinka zuciyar sabon shiga, bayaninsa gajere ne: manhajar editin ba ta haɗiye hoto, adireshinsa kawai take riƙewa, in aka canja wa folda suna, ko aka matsar da ita, ko Windows ta ba had-dis wani harafi dabam, sai ta neme shi ta rasa. A nuna mata fayil ɗaya, sauran za ta gano su. Haɗarin da ya fi wannan shi ne kyamarori sukan maimaita suna, katin jiya da na yau duk su fara daga lamba ɗaya, wanda ya zuba su a folda guda kuwa yana iya danne aikin jiya da na yau bai sani ba. Kowane kati a ba shi foldarsa da kwanan wata. In filash ya ƙi karɓar fim alhali da wuri a cikinsa, tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabayit 4, a mayar da shi exFAT, wanda Windows da Mac duk suna rubutu a kansa. Hoton iPhone da ya fito fari fat kamar an wanke shi kuwa, sababinsa shi ne tun daga iPhone 12 waya tana ɗauka da tsarin HDR, a sauya shi zuwa Rec. 709 ko a kashe shi a waya tun farko.

Akwai abin da edita ba ya iyawa, kuma adalci ne a faɗa wa furodusoshi da daraktoci wannan a fili, domin kalmar nan ta "edita zai gyara" ta zama mafakar kowane sakaci a lokeshan. Muryar da aka naɗa da ƙarfi har ta fashe, abin da ya yanke daga cikinta ya tafi; hoton da bai zauna a kan fuskar jarumi ba, babu dannawar da za ta dawo da shi; rurin janareto da aka ajiye a bayan taga ana iya rage shi, amma da shi za a rage wani abu na daɗin muryar, ta koma kamar daga cikin rijiya. Igiyar wuta mai tsawo da za ta nisanta janareto, da makirfo kusa da bakin mai magana, da mutum ɗaya mai abin ji a kunne wanda aka ba ikon ya ce a sake, sun fi kowace manhaja arha. Su ma editoci da nasu laifin. Da yawa suna aiki da manhajar sata wadda aka fasa, wadda ba a san abin da aka cusa a cikinta ba, sa'an nan su yi mamakin rufewarta ba sallama. Abin takaici ne a ce masana'antar da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifanta ita ce kuma take rayuwa a kan satar fasahar wasu, alhali DaVinci Resolve yana da na kyauta halal wanda ya ishi mafi yawan aikinmu. Wanda kuma yake tsakiyar aiki kada ya sabunta manhaja sai ya gama, domin aikin da aka adana da sabuwa sau da yawa tsohuwa ba ta buɗe shi.

Mafi girman al'amari duka shi ne ajiya, domin sauran matsaloli ɓata lokaci suke yi, wannan kuwa dukiyar mutane take halakawa. A shekarar 1998, kamfanin Pixar na Amurka yana cikin aikin Toy Story 2, sai wani ya ba na'ura umarnin sharewa a inda bai dace ba, mafi yawan fim ɗin ya gushe suna kallo, da suka koma ga ajiyarsu kuma suka tarar ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta, aka naɗe kwamfutar da bargo aka kawo ta ofis a mota. In haka ta sami masu wannan dukiya da ilmi, ina ga wanda fim ɗinsa duka yana kan had-dis guda, ana jefa shi a aljihu a hau babur da shi? Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam, kuma kada a goge katin kyamara sai an buɗe kwafin an ga yana tafiya. Hoton da ke hannun edita amana ce, gumin mutum talatin ko fiye da kuɗin wani bawan Allah, kuma furodusan da ya iya biyan jarumi da masauki da abinci amma ya ga ƙyashin sayen had-dis na biyu da ɗan UPS da zai riƙe kwamfuta minti kaɗan in an ɗauke wuta, ba shi da bakin tuhumar kowa ranar da abin ya auku. Tawakkali ba ya kore riƙo da sababi.

Idan an zo fitarwa, a tambayi inda fim zai je tun kafin a danna, domin gidan talabijin irin Arewa24 yana da sharuɗɗansa, YouTube kuma da nasa, wanda ga hoton 1080 yake ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa, yana kuma rage ƙarfin sautin da ya yi yawa da kansa, don haka ƙure murya ba ta ƙara kome sai fashewa. Sa'an nan a kalli abin da aka fitar tun daga farko har ƙarshe, ba a kan babban allon sutudiyo kaɗai ba, har da ƙaramar waya mai lasifika ɗaya, irin wadda jama'a za su kalla da ita, a ji ko kiɗa ya danne magana.

A wannan kallo na ƙarshe ne kuma ake kama wani aibi da ya keɓanta da mu, watau haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon rubutun ado da editoci ke so ba su da waɗannan haruffa, sai sunan fim ko na jarumi ya fito da ɗan akwati a tsakiyarsa, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, edita kuwa don gudun wahala ya cire lanƙwasar, ya rubuta wa jama'a Hausar da ba ita ba a kan allo. Akwai salon rubutu na kyauta da suka ƙunshe su duka, kamar Noto Sans na Google da Charis da Andika na SIL, kuma fayil ɗin fassarar da ake sa wa a ƙasan hoto in aka adana shi da tsarin UTF-8 haruffan za su isa ko'ina lafiya. A rubuta ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, a gwada salon da su tun ranar da aka zaɓe shi, kafin a jera sunayen mutum hamsin a ƙarshen fim.